Me sauran yaran ke yi idan malami yana tare da rukuni ɗaya?

Kowane jadawalin makarantar firamare yana da gurbin karatu da rubutu. Abin da jadawalin ba ya nunawa shi ne minti nawa a cikin wannan gurbi idon yaro yake kan rubutu, hannunsa kuma yake kan biro. A ɗauki aji mai ɗalibai 40, a ba shi minti 30, malami ya ce a yi karatu bi da bi, kowa ya tashi ya karanta layinsa. Idan aka raba daidai, kowane yaro daƙiƙa 45 zai samu. Sauran lokacin jira yake yi: ko dai yana ƙirga layuka don ya gano inda za a faɗo kansa, ko kuma hankalinsa ya riga ya fice ta taga. A littafin malami an rubuta cewa an yi darasin karatu na rabin awa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai yaron bai yi karatun minti ɗaya cikakke ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi, ciki har da UNESCO da UNICEF, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta. Dalilan suna da yawa, akwai ƙarancin littattafai, akwai cunkoso, akwai koyarwa da harshen da yaro ba ya ji. Amma akwai guda ɗaya da ke hannun malami kai tsaye, shi ne yadda yake kasa lokacin da aka ba shi.

Ƙasashen da suka zauna suka tsara wannan lokaci sun bar mana misalai. A 1998 Ingila ta shigo da awa guda ta karatu da rubutu a kowace rana a makarantun firamare, ta kuma yanka ta gida huɗu: minti 15 aji gaba ɗaya yana nazarin rubutu guda tare da malami, minti 15 ana aiki kan kalmomi da jimloli, minti 20 malami yana tare da rukuni ɗaya sauran suna aikin kansu, sai minti 10 na ƙarshe a sake haɗuwa a duba abin da aka yi. A Amurka kuma, bayan dokar ilimi da aka sa wa hannu a farkon 2002, darasin karatu na minti 90 ba katsewa ya zama ruwan dare a ƙananan azuzuwa. Alkaluman sun bambanta, amma ƙirar ɗaya ce: a fara tare, a rarrabu, a dawo tare. Kashin farko da na ƙarshe ba su cika ba malamai wahala ba, domin tsayuwa gaban allo abu ne da kowa ya saba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakiya. Malami ya ja yara shida gefe zai yi musu aiki na musamman, to me sauran talatin da huɗun ke yi?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce a cika musu hannu. A rubuta abu a allo a ce su kwafa, ko a raba takardun cike gurbi, ko a ce su yi zane su shafa launi. Aji zai yi tsit, wanda ya leƙo ta ƙofa zai yaba. Amma kwafar rubutu daga allo ba ta buƙatar yaro ya karanta abin da yake kwafa. Akwai yaran da za su cika shafi da kyakkyawan rubutu, harafi bayan harafi, ba su san me suka rubuta ba. Ga kuma wahalar da malami ke ɗora wa kansa, ta shirya takardun da daddare da yi musu maki washegari. Aikin da zai amfani yaro a wannan lokaci shi ne ainihin abin da ake so ya iya, wato ya karanta littafi, ya rubuta tunaninsa. Kuma wannan ba ya faruwa don kawai an ce "kowa ya ɗauki littafi ya yi shiru".

A nan ya kamata a tsaya a yi adalci ga masu shakka. Majalisar dokokin Amurka ta sa an kafa wani kwamitin ƙasa kan karatu, wanda ya fitar da rahotonsa a shekarar 2000. Rahoton ya ware abubuwa biyar da koyar da karatu ke tsayuwa a kansu: yaro ya iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma da kunnensa, ya san alaƙar harafi da sauti, ya yi karatu babu gargada, ya tara kalmomi, ya kuma fahimci abin da ya karanta. Da kwamitin ya zo kan tsarin nan na barin yara su yi karatun zuci su kaɗai ba tare da jagora ba, sai ya ce bai sami isasshiyar hujja daga gwaje-gwaje da ke nuna cewa hakan na ƙara iya karatu ba. Abin da ya samu da hujja mai ƙarfi shi ne karatu a bayyane, ana maimaitawa, wani yana saurare yana gyarawa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hukuncin kisa ga karatun kai da kai, wato wanda yaro ke yi shi kaɗai. Ni ban karanta shi haka ba. Abin da ya nuna shi ne, yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, in ka ba shi littafi ka ce ya zauna shiru na minti ashirin, hotuna zai kalla ya juya shafi. Shiru ba ya koya wa kowa karatu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da masanin karatu Keith Stanovich ya bayyana a 1986, cewa a fagen karatu mai shi ake ƙara wa. Yaron da ya fara iyawa da wuri yana jin daɗin karatu, sai ya ƙara yi, kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara sauƙi. Wanda ya fara da tuntuɓe yana gudun littafi, ratar da ke tsakaninsu kuma tana buɗewa shekara bayan shekara. Wani bincike da Anderson da Wilson da Fielding suka buga a 1988 kan 'yan aji biyar ya nuna girman wannan rata: yaran da ke sahun gaba wajen yawan karatu suna yin kimanin minti 21 a rana suna karanta littafi a wajen makaranta, na tsakiya ba su kai minti biyar ba, na can baya kuma kusan babu. A shekara, bambancin ya kai tsakanin kalmomi kusan miliyan biyu da 'yan dubbai. Binciken bai tabbatar da wanne ne ya haifi wanne ba, amma ya isa ya nuna cewa yaron da ba ya karatu a gida, in makaranta ma ba ta ba shi dama ba, babu inda zai samu.

Idan aka haɗa waɗannan biyun, hanya ta fito. Karatun kai da kai wajibi ne, amma sai an koyar da shi kamar yadda ake koyar da kowane darasi, kuma sai an ba yaro abin da zai iya karantawa.

Masana ilimi David Pearson da Margaret Gallagher sun ba wannan tunani siffa a 1983, inda suka bayyana koyarwa a matsayin miƙa nauyi sannu a hankali daga wuyan malami zuwa wuyan ɗalibi. Malami ya yi yara suna kallo, sannan a yi tare, sannan yaro ya yi malami yana kusa, daga ƙarshe ya yi shi kaɗai. Kamar mai koya wa yaro keke ne: da farko yana riƙe da sirdi, can sai ya bar yatsu biyu kawai, can kuma ya saki yana bin sa da gudu. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake matakan tsakiya, malami ya yi bayani sau ɗaya ya ce "to, ku yi". Ɗayan kuskuren shi ne ƙin sakin sirdin har shekara ta ƙare.

Yadda ake gina juriyar zama da littafi abu ne da ya cancanci a kalle shi kusa. Wasu malamai biyu 'yan gida ɗaya a Amurka, Gail Boushey da Joan Moser, sun yaɗa wani tsari tun daga 2006 wanda ya taƙaita aikin kai da kai zuwa abu biyar: karanta wa kai, karanta wa wani, sauraren karatu, aikin rubutu, da aiki kan kalmomi. Jerin ba shi ne abin burgewa ba, kowa zai iya tsara irinsa. Abin ɗauka shi ne yadda suke shigo da shi a makonnin farko na shekara. Malama takan tara yara ta tambaye su yaya mai karatu na gaske yake zama, a rubuta amsoshin a allo: yana fara nan take, yana zama wuri ɗaya, idonsa na kan littafi, ba ya damun na kusa da shi. Sai ta kira yaro ɗaya ya nuna yadda ake yi. Sai ta kira wani, galibi wanda ta san zaman zai yi masa wuya, ta ce ya nuna yadda ba a yi. Ya yi ta juye-juye, ya tsokani maƙwabci, ya tashi neman fensir, aji ya yi dariya. Sannan ta ce masa, "To yanzu nuna mana daidai." Ya zauna ya nutsu a gaban kowa, kuma daga ranar shi da ajin duka sun san zai iya.

Daga nan a gwada na minti uku kacal. Malama ba ta zagayawa tana cewa "madalla" ko "kai, yi shiru", domin in ta yi haka yaran sun dogara da idonta ke nan. Gefe take komawa. Da zarar yaro na farko ya fara waige-waige, sai ta ba da alamar tsayawa, ba faɗa, a dawo a tattauna: me ya tafi daidai, me ya kawo cikas? Gobe a ƙara minti ɗaya. Dalilin tsayawa da wuri shi ne, in aka bar zaman ya wuce ƙarfin yara, abin da za su koya shi ne riƙe littafi suna wasa, kuma cire wannan ɗabi'a ya fi dasa ta wuya. Malami mai gaggawa zai ga kamar ɓata lokaci ne a shafe makonni ana koyon zama. Sannu ba ta hana zuwa. Ajin da ya kai minti ashirin yana karatu ba tare da an tsaya a kansa ba ya sayo wa malaminsa minti ashirin na koyarwa ta kusa a kowace rana har ƙarshen shekara.

Sai batun littafin da ke hannun yaro. Tun 1946 masanin karatu Emmett Betts ya kawo ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi, cewa rubutun da yaro zai karanta shi kaɗai ya kamata ya iya kusan duk kalmominsa, wajen 99 cikin 100, wanda kuma zai karanta da taimakon malami ya iya wajen 95. Masana na baya sun soki waɗannan alkaluma, musamman yadda ake amfani da su a tsare yaro a kan littattafai masu sauƙi har abada, kuma sukar tana da tushe: idan malami yana kusa, yaro yana buƙatar rubutu mai ɗan tauri da zai ja shi gaba. Amma a lokacin da yake shi kaɗai, ba mai tambaya, hankali ma ya yarda cewa shafin da kalma ɗaya cikin kowace biyar ke kayar da shi ba zai zaunar da shi ba. Ga mai farawa, a ba shi gajerun labarai da aka gina da haruffan da aka riga aka koya masa. Wanda ya san b da k da m da wasula zai iya karanta "baba", "kaka", "makama", kuma jin cewa shi ya fitar da kalmar da bakinsa ya fi kowane yabo. In littattafai sun yi ƙaranci, labarin da aji ya tsara tare aka rubuta a babbar takarda, ko wanda 'yan aji na gaba suka rubuta da hannu, yana shiga kwandon karatu. Maimaita labari ɗaya sau uku ko huɗu ba aibi ba ne, da shi gargada ke fita.

Karatun bibbiyu yana toshe ɓarakar da kwamitin 2000 ya nuna, domin yana samar da mai saurare ba tare da malami ya rabu gida arba'in ba. A jami'ar Vanderbilt, Douglas Fuchs da Lynn Fuchs sun gwada tsarin da ake haɗa yaro mai ƙarfi da wanda bai kai shi ba, mai ƙarfin ya fara karantawa, ɗayan ya maimaita wurin, sannan su taƙaita abin da suka karanta. Sharaɗin shi ne a koya wa mai saurare abin da zai ce idan abokinsa ya yi kuskure. In ba a koya masa ba, zai faɗa masa kalmar nan take ko ya yi masa dariya. In an koya masa, zai nuna wurin da yatsa ya ce, "Sake duba wannan," ya ɗan jira kafin ya taimaka. A lissafin da muka fara da shi, minti 30 na karatun bibbiyu yana ba kowane yaro minti 15 maimakon daƙiƙa 45.

To me malami ke yi da lokacin da ya samu? Masana Philip Gough da William Tunmer sun ce a 1986 fahimtar karatu tana fitowa ne daga abu biyu da ake ninkawa da juna: iya fitar da kalma daga haruffa, da fahimtar harshen da aka yi maganar da shi. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon sifili ne. Wannan ya ba malami hanyar kasa rukuni. Akwai yaran da in ka karanta musu labari za su ba ka shi tsaf, amma su ba za su iya fitar da kalmomin ba. Waɗannan sauti da gaɓa suke buƙata, kullum, kuma su ya kamata malami ya fi yawan zama da su. Akwai masu karantawa kamar ruwa, ka tambaye su me ya faru su yi zuru. Su kuma hira kan ma'ana da sababbin kalmomi suke buƙata. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta gina aikinta kan wannan tunani, tana gwada yara da ɗan gajeren gwaji na baka, ta kasa su bisa inda suka tsaya, ko harafi ko kalma ko sakin layi ko labari, ba bisa shekaru ko aji ba. Rukunin kuma ba gidan zama ba ne. Yaron da ya wuce mataki ya koma na gaba a makon, kada sunan "rukunin baya" ya manne masa.

Wani abin lura game da fahimta: wata mai bincike, Dolores Durkin, ta zauna a azuzuwa a ƙarshen shekarun 1970 tana ƙirga abin da ake yi da lokacin karatu, ta tarar abin da aka ba koyar da fahimta bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Tambayoyi ake yi wa yara, ana auna ko sun gane, ba a nuna musu yadda ake ganewa. Maganin wannan yana cikin kashin farko na darasi, inda malami zai karanta a bayyane ya riƙa faɗin abin da ke ransa: "Nan na rikice, wa ake nufi da 'shi'? Bari in koma layin baya." Minti goma na irin wannan ya ishe, in ya zarce sha biyar ƙananan yara sun tafi sun bar shi.

Rubutu shi ne maraya a yawancin jadawali. Abin da ake kira darasin rubutu sau da yawa shifta ce ko kwafa, ko kuma insha'i guda a ƙarshen zango da za a dawo da shi jajir da jan biro. Donald Graves, wanda ya yi fice a wannan fage tun farkon shekarun 1980, ya dage kan cewa yara su riƙa rubutu a kai a kai, su zaɓi abin da za su rubuta a kai, su yi daftari, su gyara, su karanta wa wasu. Wani jagoran koyarwa da sashen binciken ilimi na gwamnatin Amurka ya fitar a 2012 ya ba da shawarar awa guda ta rubutu a rana tun daga aji ɗaya, rabi koyarwa rabi yi da hannu, kuma ya yarda a warwatsa ta cikin sauran darussa. Steve Graham da Michael Hebert kuma sun tattara bincike a 2010 suka nuna cewa sa yara su yi rubutu kan abin da suka karanta yana ƙara musu fahimtarsa. Ke nan lokacin da aka ba rubutu ba a ƙwace shi daga karatu ba.

Babban abin da ke kashe rubutun kai da kai shi ne layin yara a gaban tebur, kowa na cewa, "Malam, yaya ake rubuta kaza?" Dole a yi yarjejeniya tun farko: ka faɗi kalmar a hankali, ka rubuta sautukan da ka ji, ka ja layi a ƙarƙashinta, ka ci gaba. Kalmomin da ake yawan buƙata a manna su a bango. Gyaran ƙa'idojin rubutu yana da lokacinsa, kuma ba a yafe shi, amma ba a tsakiyar jimla ba. Idan malami ya zo wurin yarinya ya durƙusa kusa da bencinta, ganawar minti uku ta isa. Ya ce, "Karanta mini inda kika tsaya." Ta karanta. Ya ga kurakurai bakwai, ya zaɓi ɗaya: duk shafin babu aya. Ya ce ta sake karantawa ta saurari inda numfashinta ke tsayawa, ta sa aya ta farko da kanta, ta sa ta biyu. Ya rubuta a ɗan littafinsa ranar da abin da suka yi, ya wuce. Sauran shidan suna nan, za a zo kansu. Da ya zayyana mata duka bakwai ɗin, da babu wanda za ta riƙe.

Akwai ɓarnar lokaci da ba a cika lissafawa ba, ta sauyawa daga wannan aiki zuwa wancan. In kowane sauyi yana cin minti uku, ana yin huɗu a rana, minti 12 sun tafi, awa guda ke nan a mako. Shi ya sa sauyin ma ake gwada shi kamar darasi: alama ɗaya da kowa ya sani, kowane yaro ya san inda littafinsa yake da inda zai zauna, fensir a feƙe tun kafin a fara.

A aji mai yara saba'in ko fiye, ba za a yi rukuni biyar masu zagayawa ba, kuma wanda ya ce a yi bai taɓa tsayawa a irin ajin ba. Abin da zai yiwu shi ne a rage rassan: koyarwa ta kowa da kowa a gajarce, karatun bibbiyu a kan benci ba tare da kowa ya tashi ba, rubutu na minti goma, malami kuma ya ɗauki layi ɗaya ko biyu na benci a kowace rana yana sauraren karatunsu, ta yadda kafin mako biyu ya ji muryar kowa. Waɗanda ba su san haruffa ba a dawo da su gaba, a ba su minti goma nasu kullum yayin da sauran ke karanta wa juna. Mai son ya san ko tsarin nasa na aiki, ya roƙi abokin aiki ya zauna a bayan aji da agogo, ya zaɓi yaro ɗaya daga cikin masu rauni, ya ƙirga mintunan da yaron ya yi yana karatu ko rubutu da kansa daga farkon darasi zuwa ƙarshe. Da wannan adadi za a gyara jadawalin mako mai zuwa.